Daga Bencin Baya zuwa Dandamali: Tarihin Yadda Kunyar Makaranta ta Zama Barkwanci

Barkwancin tsaye sana'a ce da ta girma a ƙasar Amurka cikin ƙarni na 20. Mutum ɗaya ne yake hawa dandamali, ba kayan wasa, ba makaɗi, ba ɗan amshi, sai makirufo a hannunsa. Ya fuskanci jama'a, ya yi ta magana da sunansa na yanka har ya sa su dariya. In minti ɗaya ya wuce ba wanda ya dara, kowa a zauren ya san ya faɗi. Daga cikin batutuwan da masu wannan sana'a suka fi komawa gare su akwai shekarun koleji da lise, wato tsakanin shekara 12 da 18, lokacin da murya take fashewa, ƙuraje suke fesowa a fuska, wando yake gajarcewa cikin wata uku, a kira yaro gaban allo kalma ta maƙale masa a maƙogwaro, aji ya kwashe da dariya. Abin da mutum ya ƙi jinin a tuna masa yana ɗan shekara 15, a kansa yake tara jama'a su biya kuɗi yana ɗan shekara 35.

Wannan al'amari yana da tarihi, kuma sai da abubuwa biyu suka haɗu kafin ya yiwu. Na farko, sai da makarantar sakandare ta zama ta kowa da kowa. Na biyu, sai da mai barkwanci ya tuɓe rigar wasa ya yarda ya yi magana a kan kansa. Tarihin ya shafi malaman makaranta ƙwarai, domin da wuya a sami labari ɗaya a cikinsa da babu malami: ko wanda ya kori yaron, ko wanda ya ba shi fili.

Lokacin da makaranta ta zama ta kowa

A shekarar 1910, cikin matasan Amurka 100 masu shekara 18, kimanin 9 ne kawai suke kammala sakandare. Sauran suna gona, ko suna masana'anta, ko sun yi aure. Zuwa 1940 adadin ya kai kusan rabi. Cikin wannan shekara 30 garuruwa manya da ƙanana suka yi ta gina makarantu da kuɗin harajinsu, aka tsananta dokokin hana sa yara aiki, sa'an nan karayar arzikin da ta fara a 1929 ta rufe ƙofofin aiki, iyaye suka ga gara yaro ya zauna a aji da ya zauna a bakin titi. Ta haka miliyoyin samari da ƴan mata suka shiga wuni tare a gini ɗaya, nesa da iyayensu, suna auna juna da ido.

Tun 1904 masanin halayyar ɗan Adam G. Stanley Hall ya wallafa babban littafinsa a kan balaga, inda ya bayyana waɗannan shekaru a matsayin lokacin guguwa da damuwa. Amma makaranta ce ta mayar da ra'ayin masani ya zama rayuwar yau da gobe. A cikinta aka sami wata ƙaramar duniya mai sarakunanta da talakawanta: gwanayen ƙwallo a sama, ƴan mata masu farin jini kusa da su, masu ƙwazon karatu da ake yi wa ba'a a ƙasa, sai kuma waɗanda ba wanda ya san da zamansu. Aka sami bikin rawar ƙarshen karatu, wanda saurayi yake neman wadda za ta raka shi, in an ƙi shi kuwa makaranta duka ta ji. A 1944 aka fara buga mujallar Seventeen domin ƴan mata masu tasowa, alamar cewa ƴan kasuwa ma sun gane an sami sabon rukunin jama'a.

Muhimmancin wannan ga barkwanci a fili yake, domin mutum ba ya dariya a kan abin da bai sani ba. Da mai barkwancin 1900 zai ba da labarin malaminsa na lissafi a lise, da ƴan kallo sun zuba masa ido kawai, tun da yawancinsu ba su taɓa shiga irin wannan aji ba. A 1970 kuwa, kusan kowa a zauren ya taɓa zama a bencin, ya san ƙaurin abincin makaranta, ya san bugun zuciyar da ake ji ranar da ake raba takardun jarrabawa. Kunyar da kowane ɗaya ya zaci tasa ce shi kaɗai, ashe gadon al'umma ce.

Daga rigar wasa zuwa sunan yanka

Sharaɗi na biyu ya fi jinkirin cika. Daga shekarun 1880 zuwa na 1930, nishaɗin talakawan Amurka shi ne wasannin da ake kira vaudeville, inda mawaƙa da masu rawa da masu dabo da masu ban dariya suke hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya. Wasan makaranta yana cikin abubuwan da aka fi so a can. Wajajen 1910 ƴan'uwan nan da aka sani da Marx Brothers suka yi suna da wasan Fun in Hi Skule, inda Groucho yake fitowa a matsayin malami mai karin harshen Jamusawa, Harpo kuma daƙiƙin ɗalibi. Sai dai malamin da ɗalibin duk riguna ne da ake sawa a tuɓe. Ba wanda yake cewa: ni ne wannan yaro, a makaranta kaza, a shekara kaza.

Ko da aka fara tsayawa a yi magana ba tare da kayan wasa ba, barkwancin ya kasance haja ce da ake saye da sayarwa, har ma a sace. Bob Hope, wanda ya fi kowa shahara a zamaninsa, yana da ƙungiyar marubuta, kuma tarin barkwancin da ya bari ya kai shafi 85,000, yana ajiye a laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Barkwanci irin wannan a kan suruka ne, ko mashayi, ko marowaci, kuma duk bakin da ya ɗauka zai iya faɗa.

Canji ya zo a ƙarshen 1953, lokacin da Mort Sahl ya hau dandamalin wani ƙaramin gidan rawa a San Francisco da rigar sanyi irin ta ɗalibai, jarida a hannu, yana hira a kan siyasa kamar mai magana da abokansa. Bayansa Lenny Bruce ya shiga faɗin abin da ba a faɗa a bainar jama'a, a kan addini da launin fata da munafunci, aka yi ta kama shi daga 1961, kotu ta same shi da laifin batsa a 1964, ya mutu a 1966. Waɗannan biyu ba makaranta ce batunsu ba, amma su suka kafa ƙa'idar da aka bi daga baya: abin da ya fito daga bakin mai barkwanci nasa ne, ra'ayinsa ne, rayuwarsa ce. A cikin shekarun 1960 Bill Cosby, wanda daga baya zarge-zargen cin zarafin mata suka zubar da mutuncinsa, ya cika fayafayansa da labaran yarintarsa a Filadelfiya, ya nuna cewa jama'a za su saurari dogon labarin ƙuruciya ba su gaji ba. Aka kuma buɗe gidaje na musamman domin wannan sana'a, kamar The Improv a Niyok, da kuma The Comedy Store da aka buɗe a Los Angeles a 1972.

Wawan aji

A 1972 George Carlin ya fitar da faifan da ya sa wa suna Class Clown, wato wawan aji. Carlin, wanda aka haifa a 1937, ya yi firamare a wata makarantar ƴan Katolika mai suna Corpus Christi a Niyok, ya shiga lise na Cardinal Hayes, bai kammala ba aka raba shi da ita, ya shiga sojan sama yana ɗan shekara 17. A cikin faifan ya bayyana sana'ar wawan aji dalla-dalla kamar mai koyar da darasi: irin ƙarar da ake fitarwa da baki ko da hammata, murguɗa fuska in malama ta juya wa aji baya, da kuma abin da ya gano tun yana yaro, cewa dariya ta fi ƙarfi a inda aka hana ta. Bai zagi malamansa ba. Ya ma yaba wa waɗanda suka koya masa yin tambaya, ko da yake tambayar ce ta raba shi da abin da suke so ya gaskata. A 1983 makarantar da ta sallame shi ta gayyace shi bikin karrama tsohon malaminta na horo, mutumin da ya sha hukunta shi, ya kuwa zo ya yi wasa a gabansa.

Shekara ɗaya bayan faifan Carlin, Robert Klein, wanda ya taɓa yin aikin malamin riƙon ƙwarya, ya fitar da Child of the 50s. A ciki ya tuna yadda ake koya wa yaran Niyok su ɓuya a ƙarƙashin teburi in an jefo bam na nukiliya, ana kuma gargaɗinsu da kada su yi surutu. Tsoron da tsara guda ta girma da shi, ba ta taɓa furta shi ba, ya fito ta hanyar dariya.

A nan ne dabarar wannan barkwanci ta bayyana sosai. Muryoyi biyu ne suke fita daga baki ɗaya. Akwai muryar yaron da abin yake faruwa da shi, wanda yake ganin duniya ta ƙare saboda yarinyar da yake so ta ga yagar wandonsa. Akwai kuma muryar babban da ya san duniya ba ta ƙare ba. Tazarar da ke tsakanin muryoyin nan ita take haifar da dariya. Bugu da ƙari, akwai batun wanda yake riƙe da labarin. A aji, wasu ne suka zaɓi lokacin dariya, yaron yana tsaye ba shi da ta cewa. A dandamali, shi yake zaɓen inda zai tsaya da inda za a dara, har a biya shi. Abin da ya faru bai canza ba, mai labarin ne ya canza, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ƙarfin wannan dabara ya kai har ba a buƙatar gwani: daga 2002, a wani wasa mai suna Mortified da David Nadelberg ya fara a Los Angeles, mutane da ba sana'arsu ba ce suna hawa dandamali su karanta wasiƙun soyayya da littattafan sirri da suka rubuta suna ƴan shekara 14, ba ƙari ba ragi, zaure ya yi ta dariya tare da su.

Malaman da suka ba da fili

Richard Pryor, wanda da yawa suke ɗauka shi ne gwanin gwanayen sana'ar, an haife shi a 1940 a garin Peoria, ya tashi a gidan karuwai da kakarsa take riƙe da shi. Yaro ne mai makara, mai barci a aji. Wata malamarsa ta firamare ta yi ciniki da shi: in ya zo a kan lokaci mako guda cur, ranar Juma'a da la'asar za ta ba shi ƴan mintoci ya tsaya gaban aji ya ba su dariya. Makararsa ta ragu. Duk da haka an kore shi daga makaranta yana ɗan shekara 14. Wadda ta tsince shi ita ce Juliette Whittaker, mai koyar da wasan kwaikwayo a gidan matasa na unguwarsu, ta sa shi a wasa, ta ba shi dandamali na gaske. Da ya sami lambar Emmy a 1974, ita ya kai wa.

Irin wannan ciniki ya sake faruwa a Kanada da Jim Carrey, wanda aka haifa a 1962. Shi kuma yakan gama aikinsa da wuri ya shiga damun sauran ɗalibai. Malamarsa ta yi masa alkawarin minti 15 a ƙarshen wuni in ya natsu, sai ya koma yana cinye lokacinsa wajen shirya abin da zai faɗa. Malaman nan biyu ba su bar horo ba. Sun gane ne cewa abin da yaron yake nema shi ne a dube shi, sai suka sa wa wannan buƙata lokaci da iyaka da farashi.

Dariya a kan raunin da ba na wasa ba

Ba duk kunyar makaranta ce ta tsaya ga ƙuraje da gajeren wando ba. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun baƙaƙe da na farare, a 1971 kuma ta amince a riƙa kwasar yara a mota daga unguwa zuwa unguwa domin a cakuɗa su. A tsakiyar wannan rikici, a 1975, aka fara nuna Welcome Back, Kotter a talabijin. Gabe Kaplan ya ɗauko shi ne daga barkwancinsa a kan ajin koma-baya da ya zauna a lise na New Utrecht a unguwar Brooklyn, ya fito a matsayin tsohon ɗalibin ajin da ya dawo yana koyarwa a cikinsa. A nan John Travolta ya yi suna. A birnin Boston, inda ake jifar motocin ɗalibai da duwatsu, tashar da ya kamata ta nuna shirin ta ƙi da farko, don tsoron kada ya ƙara wa wuta mai. An ci gaba da shi har 1979.

Ɗaya daga cikin yaran da aka kwasa a irin waɗannan motoci shi ne Chris Rock, wanda aka haifa a 1965, ya tashi a Brooklyn. Iyayensa sun tura shi makarantun unguwannin farare da fatan ya sami ilimi mai kyau. Abin da ya samu shi ne duka da zagi da tofin yawu, shekara da shekaru, har ya bar lise bai kammala ba, daga baya ya zauna jarrabawar da take maye gurbin takardar. Daga 2005 zuwa 2009 ya mayar da waɗannan shekaru wasan talabijin mai kashi 88, Everybody Hates Chris, wato kowa ya ƙi jinin Chris. Wani yaro ne yake fitowa a matsayinsa, shi kuma muryarsa ta babba tana bisa hoton tana sharhi, muryoyin nan biyu ke nan an raba su a fili. Wariyar launin fata da littafin tarihi yake bayani da alƙaluma, a nan an gan ta a tsayin yaro ɗan shekara 13 da yake lissafin hanyar da zai bi ya isa mota ba a tare shi ba.

Ƙetarawa zuwa Faransa

Faransa ta bi irin wannan hanya, a makare. Dokar 1959 ta ɗaga shekarun karatun dole zuwa 16. Dokar Haby ta 1975 ta haɗa dukkan yara a koleji iri ɗaya. A 1985 gwamnati ta sa burin kai kashi 80 bisa 100 na kowace tsara zuwa matakin bak. Ta haka ƴaƴan ma'aikatan da suka zo daga Magrib da Afirka ta Yamma suka cika azuzuwan unguwannin bayan gari. Amma al'adar ban dariya ta Faransa, daga Fernand Raynaud zuwa Coluche, ta fi karkata ga kwaikwayon wani mutum daban.

Wanda ya fi kowa sauya wannan shi ne Jamel Debbouze, ɗan iyaye ƴan Maroko, wanda aka haifa a 1975, ya tashi a Trappes, kimanin kilomita 30 daga Paris. A watan Janairu na 1990 jirgin ƙasa ya buge shi a tashar garin, hannunsa na dama ya shanye. Gajere ne, ga naƙasa, ga ƙarancin maki a aji. A kolejinsu ya haɗu da Alain Degois, wanda yara suke kira Papy, mai koyar da wasan nan-take. Wannan wasa an ƙirƙiro shi a Kebek ta Kanada a 1977: ƙungiya biyu, alƙali ya zaro batu daga akwati, a ba su ƴan daƙiƙu su yi shawara, su fito su yi wasa ba rubutu, ƴan kallo su zaɓi gwani ta ɗaga kati. Yaron da ake ja wa jan layi a takardarsa saboda kuskuren Faransanci ya gano cewa a dandamali karya kalma da ƙera sabuwa gwaninta ce. Ya riƙe wannan salo har ya zama tambarinsa, hannun a aljihu, harshen yana tuntuɓe da gangan. A 2006 ya buɗe Jamel Comedy Club a tashar Canal+, inda matasan bayan gari suka shiga ba da labarin iyayensu da unguwarsu da malamansu da bakinsu. A 2010 kuma aka kafa gasar wasan nan-take ta ɗaliban koleji, tare da ƙungiyar Déclic Théâtre ta Trappes, yana cikin masu ɗaure mata gindi.

Iyakar dariya

Da tarihin ya tsaya a nan, da sai a ce dariya magani ce. Abubuwa biyu da suka faru daga baya sun hana a faɗi haka kai tsaye.

A 2020 Chris Rock ya shaida wa mujallar The Hollywood Reporter cewa yana zama da masu ba da shawarar lafiyar ƙwaƙwalwa sa'a 7 a kowane mako, kuma sai da ya girma aka gano yana da wata matsalar koyo da take hana shi fahimtar alamun da mutane suke yi ba da baki ba. Ya bayyana cewa ya daɗe yana zaton ya gama da azabar yarintarsa tun da yana iya yin barkwanci a kanta, ashe bai taɓa fuskantarta ba. Mutumin da ya sa duniya dariya da dukan da ya sha, yana ɗan shekara 55 yana ɗauke da tabonsa.

Na biyu ya shafi haƙƙin sauran mutanen da suke cikin labarin. Hasan Minhaj, ɗan Musulmin Indiya da aka haifa a 1985 a garin Davis na Kalifoniya, ya gina wasansa Homecoming King, wanda Netflix ya fitar a 2017, a kan daren rawar ƙarshen karatu. A yadda ya ba da labarin, ya je ƙofar gidan wata Baturiya abokiyar karatunsa da ta yarda ta raka shi, ya tarar da wani saurayi a madadinsa, uwarta kuma ta ba shi haƙuri da cewa za a aika hotuna ga dangi, shi kuwa ba zai dace da hoton ba. Wasan ya sami lambar Peabody. A 2023 mujallar The New Yorker ta binciki labaransa, ta nuna cewa ya yi ƙari a wasunsu, cewa matar ta ce kwanaki kafin bikin ta sanar da shi, kuma mutane sun gano ko wace ce sun dame ta a intanet. Minhaj ya amsa cewa tsayuwar bakin ƙofa shi ya tsara ta domin wasa, amma ya dage cewa maganar uwar gaskiya ce. Ko ma yaya aka yi, abu ɗaya ya tabbata: yaron da ba shi da murya jiya, yau shi ke da makirufo, abokan ajinsa kuwa ba su da shi. Wanda aka yi wa dariya yana iya zama mai sa a yi wa wani.

Inda zancen ya taɓo ƙasar Nijar

Hausawa ba baƙin ban dariya ba ne. Ƴan kama sun daɗe suna kwaikwayon karatun malamai suna juya shi ya koma zancen tuwo da nama. A Damagaram wasan kara yana ba matasa damar kwaikwayon sarakuna da manyan gwamnati a gaban idonsu. Yazi Dogo, wanda malamin makaranta ne, ya sa ƙasa duka dariya da wasanninsa na talabijin a shekarun 1980. Wasan barkwancin da ke tsakanin ƙabilu da taubasai na Nijar ya shiga jerin gadon duniya na UNESCO a 2014. A fagen barkwancin tsaye ma akwai ɗan ƙasa, Mamane, wanda aka haifa a Agadas a 1966, ya bi ta Jamel Comedy Club a 2006, ya ƙirƙiro jamhuriyarsa ta Gondwana a rediyon RFI a 2009, ya kafa bikin dariya na Abijan a 2015. Sai dai in an lura, duk waɗannan wani suke kwaikwaya ko suke tsokana: malami, sarki, shugaba, taubashi. Tsayawa gaban jama'a a tona asirin kai ya saɓa wa tarbiyyar kunya.

Amma kalmar kunya abu biyu take ɗauke da su. Akwai wadda mutum yake ji da kansa, ita ce ake yabo. Akwai kuma wadda ake ɗora masa a gaban tsaransa, ita ce batun wannan tarihi, kuma makarantar boko ta tara ta da yawa. Tsofaffin ɗalibai ba su manta da alamar nan da Faransawa suke kira symbole ba, ƙashi ko guntun itace da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa, shi kuma ya shiga farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Ba su manta da ranar da ake karanta makin dikte da ƙarfi daga na farko zuwa na ƙarshe ba, ko ɗan ƙauyen da ya shigo koleji a birni aka yi shekara ana kwaikwayon lafazinsa. Ana ba da waɗannan labarai a fada da wajen biki, tsakanin waɗanda suka zauna benci ɗaya. Abin da ya hana su hawa dandamali, ban da tarbiyya, shi ne sharaɗin farko da aka ambata: a 1960 yaran da suke makarantar boko a Nijar ba su kai kashi 5 bisa 100 ba, kuma har yau ba kowane yaro yake isa koleji ba, balle lise. Yayin da azuzuwa suke cika, masu wannan tunani ɗaya suna ƙaruwa, zauren da zai gane labarin yana haɗuwa.

Ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, abin da tarihin ya nuna a aikace kaɗan ne, amma tabbatacce. Yaron bencin baya da yake hana aji natsuwa sau da yawa fili yake nema, kuma malaman Pryor da Carrey da Debbouze sun ba da shi da sharaɗi, ba su kashe ko dala ba. Ƙa'idar da za ta tsare irin wannan fili ita ce kowa ya ba da labarin kansa, da Hausa ko da Faransanci, kada ya hau kan wanda ya fi shi rauni, kada ya kama sunan wanda ba zai iya ramawa ba. Kuma in yaro ya mayar da dukan da ake yi masa a hanyar gida abin dariya, aji ya dara, aikin malami bai ƙare da tafi ba. Sai ya kira shi gefe bayan an tashi, ya tambaye shi su wa suke dukansa.